Ralph Nader: lauyan da ya kayar da kamfanonin mota, akwatin zaɓe ya kayar da shi

Duk wanda ya taɓa shiga mota ya jawo bel ya ɗaura, ko don tsoron hatsari ko don ya hango jami'an kiyaye haɗurra a gaba, ya ci moriyar wahalar wani lauya ɗan Amurka mai suna Ralph Nader, ko da bai taɓa jin sunan ba. Ba shi ya ƙirƙiro bel ɗin ba. Wani injiniyan kamfanin Volvo ne, Nils Bohlin, ya fito da irin wanda muke ɗaurawa yau, a 1959. Abin da Nader ya yi shi ne ya tsaya kai da fata har sai da gwamnatin Amurka ta tilasta wa masu ƙera mota su ɗauki ran fasinja da daraja. Da yake kasuwar motar Amurka ce mafi girma a duniya a wancan zamani, duk kamfanin da ke son ciniki a can dole ya bi doka, daga nan abin ya watsu.

Amma in ka ambaci sunansa a gaban wani dattijo ɗan jam'iyyar Dimokurat, da wuya ya fara da zancen bel. Lambobi biyu ne za su faɗo masa a rai: 97,488 da 537. Ta farko ita ce yawan ƙuri'un da Nader ya samu a jihar Florida a zaɓen shugaban ƙasa na shekarar 2000, lokacin da ya tsaya a ƙarƙashin jam'iyyar Green ta masu rajin kare muhalli. Ta biyu kuwa ita ce ratar da George W. Bush na jam'iyyar Rifablikan ya bai wa Al Gore na Dimokurat a jihar, ratar da ta kai shi fadar White House. Tun daga ranar mutane da yawa ke kallon Nader a matsayin ɗan a-fasa-kowa-ya-rasa. Ni dai na daɗe ina ganin wannan hukunci ya yi tsauri, ko da yake ba zan wanke shi tas ba. Kuma babu labarin da ya kai nasa bayyana irin tarkon da ƙananan jam'iyyu ke faɗawa a Amurka.

An haife shi ranar 27 ga Fabrairu 1934 a Winsted, wani ƙaramin gari a jihar Connecticut. Iyayensa 'yan Labanon ne, daga cikin guguwar ƙaurar da ta kai wasu 'yan ƙasar Amurka, ta kai wasu Kano da Dakar. Mahaifinsa gidan abinci gare shi, inda mai saye ke samun abinci haɗe da muhawarar siyasa. Nader ya gama jami'ar Princeton a 1955, ya gama karatun lauya a Harvard a 1958. Da irin waɗannan takardu, ƙofofin manyan ofisoshin lauyoyin kamfanoni a buɗe suke gare shi. Sai hankalinsa ya koma kan gawarwakin da ake kwashewa a titi.

A tsakiyar shekarun 1960, mutum kusan 50,000 ke mutuwa a hatsarin mota a Amurka duk shekara. Bayanin da kamfanoni ke bayarwa guda ɗaya ne, kuma kowa ya haddace shi: laifin direba ne, ya yi ganganci, ya sha giya, ya yi gudun wuce sa'a. Nader bai musa cewa direbobi na kuskure ba. Tambayarsa ita ce, me ya sa ƙaramin kuskure ke zama ajali? A kowane hatsari karo biyu ake yi. Na farko, mota ta daki bishiya ko wata mota. Na biyu, cikin ƙiftawar ido, jikin mutum ya daki cikin motar, kuma wannan ne ke kisa. Sandar sitiyarin motocin lokacin miƙaƙƙen ƙarfe ce da ba ta lanƙwasa, takan soki ƙirjin direba kamar mashi. Dashbod ƙarfe ne tsura mai maɓallai masu tsini. Ƙofa kan ɓalle ta watso fasinja kan kwalta. Injiniyoyi sun san maganin duk waɗannan, amma kuɗin kamfani ya fi tafiya wajen ƙawa da walƙiya, don su ne ke jan mai saye.

Wannan hujja ya tattara a littafinsa na 1965, Unsafe at Any Speed, wanda sunansa ke nufin motar ba ta da aminci ko da wane irin gudu ake yi da ita. Babin farko ya tsaya ne kan Chevrolet Corvair ta kamfanin General Motors. Injin motar a baya yake, kuma yadda aka ɗaura ƙafafunta na baya kan sa taya ta karkace ciki in an sha kwana da gudu. Don rage haɗarin, kamfanin ya ce a bai wa tayoyin gaba iska 15, na baya 26. To ina yaron gidan mai zai san wannan? Sai ya cika tayoyin huɗu daidai kamar yadda ya saba yi wa kowace mota, mai ita ya kama hanya bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Wataƙila da littafin ya shige ba tare da ya tayar da ƙura ba, da General Motors, kamfani mafi girma a duniya a lokacin, bai yi wauta ba. Sai ya ɗauki hayar masu bincike na kuɗi su tono asirin wannan saurayi mai shekara 31. Suka riƙa bin sa a baya, suna zuwa wurin abokansa da tsofaffin malamansa da sunan wai wani ne zai ba shi aiki, suna tambaya kan aƙidarsa da mu'amalarsa da mata. Nader ya ce har mata aka turo masa don a kama shi da abin kunya. Ba su samu komai ba, don mutumin ɗaki ɗaya yake haya a Washinton, ba mota, ba mata, sai tulin takardu. Magana ta fasu a jaridu. Ranar 22 ga Maris 1966, shugaban kamfanin, James Roche, ya zauna a gaban kwamitin majalisar dattawa da Sanata Abraham Ribicoff ke jagoranta, ga kyamarorin talabijin, ya nemi gafarar Nader. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A watan Satumbar shekarar Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta bai wa gwamnatin tarayya ikon gindaya ƙa'idojin amincin mota, kuma daga 1968 duk sabuwar mota sai da bel. A 1966, a duk tafiyar mil miliyan 100 ana rasa rai kusan 5.5, a 'yan shekarun nan adadin bai kai 1.5 ba. Ba duka ne aikin Nader ba, hanyoyi da asibitoci ma sun gyaru, amma rabonsa a ciki mai tsoka ne.

Don adalci, a 1972 wani binciken gwamnati ya ce Corvair ba ta fi takwarorinta na zamaninta saurin kifewa ba, kuma masoyan motar har gobe suna kafa hujja da shi. Sai dai babi ɗaya ne cikin takwas, kuma babbar hujjar littafin, ta karo na biyu, ba wanda ya rushe ta.

Nader ya kai General Motors ƙara kan keta masa sirri, aka sasanta a 1970 kan dala 425,000, ya zuba kuɗin a aikin da ya sa gaba. Ya tara ɗalibai da matasan lauyoyi, suna kutsawa hukumomin gwamnati suna bin fayil-fayil, suna fallasa yadda masu sa ido suka zama yaran waɗanda aka ce su sa wa ido. Rahotonsu na 1969 kan hukumar kula da harkar ciniki ta tarayya ya sa aka yi mata garambawul. A 1971 ya kafa ƙungiyar Public Citizen. Yana da hannu a dokar tsaftar nama ta 1967, da ta lafiyar ma'aikata ta 1970, da kafa hukumar amincin kayan masarufi a 1972, da ƙarfafa dokar 'yancin samun bayanai a 1974. Duk wannan bai taɓa riƙe ko kujerar kansila ba.

To me ya kai mai irin wannan tasiri neman ƙuri'a? Ƙofofi ne suka fara rufewa. Tun a 1971 wani lauyan kamfanoni, Lewis Powell, wanda daga baya ya zama alƙalin Kotun Ƙoli, ya rubuta wa cibiyar 'yan kasuwar Amurka takarda yana kiran su da su farka, kuma ya ambaci Nader da suna a matsayin babban abokin gabar kamfanoni. Suka kuwa farka. Suka cika Washinton da 'yan kamun ƙafa, suka buɗe bakin aljihu ga 'yan takarar jam'iyyun biyu. A 1978, majalisar wakilai da 'yan Dimokurat ke da rinjaye a cikinta ta kayar da ƙudirin kafa hukumar kare masu saye, wanda Nader ya yi shekaru yana fafutuka a kai. Zamanin Ronald Reagan ya zo da sassauta ƙa'idoji. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne zamanin Bill Clinton, ɗan Dimokurat, wanda ya tura yarjejeniyar ciniki ta NAFTA tsakanin Amurka da Kanada da Meziko a 1993, ya kuma sa hannu a 1999 kan dokar da ta sakar wa manyan bankuna mara. Nader ya yanke cewa jam'iyyun biyu sun koma shan ruwa a rijiya ɗaya, kuma Dimokurat ba za ta saurari talaka ba sai ranar da ta ji tsoron rasa ƙuri'arsa.

A nan ne dole a fahimci yadda zaɓen Amurka ke tafiya, don in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Ba yawan ƙuri'un ƙasa baki ɗaya ke naɗa shugaba ba. Kowace jiha tana da wakilan zaɓe gwargwadon kujerunta a majalisa, jimillarsu 538 in aka haɗa da na babban birnin ƙasar, kuma wanda ya samu 270 shi ne shugaba. A jihohi 48, wanda ya zo na ɗaya, ko da ƙuri'a ɗaya ya fi, shi ke kwashe wakilan jihar kaf. Maine da Nebraska ne kawai ke rarraba nasu. Kuma babu zagaye na biyu. Mutanen Nijar sun san amfanin zagaye na biyu: a 1993 Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma sauran jam'iyyu suka haɗa kai suka mara wa Mahamane Ousmane baya ya ci. A irin wannan tsari, mai zaɓe na iya bai wa wanda ransa ke so ƙuri'a a karon farko, ya ajiye lissafi sai karo na biyu. Ba'amurke ba shi da wannan dama. Ƙuri'arsa ɗaya ce, kuma in ya bai wa ƙaramin ɗan takara, ya rage wa babban da ya fi kusa da ra'ayinsa ke nan. Masanin siyasa ɗan Faransa Maurice Duverger ya daɗe da bayyana cewa irin wannan tsari jam'iyyu biyu yake haifarwa. A 1992 attajiri Ross Perot ya samu kusan kashi 19 cikin ɗari, ƙuri'a kusan miliyan 20, amma bai tashi da wakili ko ɗaya ba. Rabon da ɗan wata jam'iyya ta uku ya ci jiha tun George Wallace a 1968.

Ga kuma shingayen da aka gina da gangan. Kowace jiha da dokarta kan yadda sunan ɗan takara ke hawa takardar ƙuri'a. Manyan jam'iyyu suna da gurbinsu a ajiye, ƙarami kuwa sai ya tara sa hannun dubban mutane cikin ƙayyadadden lokaci, jiha bayan jiha, kuma kuɗinsa da ƙarfinsa sun ƙare kafin a fara kamfe. Tallafin gwamnati sai jam'iyyar da ta samu kashi 5 cikin ɗari a zaɓen baya. Muhawarar talabijin, wadda miliyoyin mutane ke kallo, a lokacin a hannun wata hukuma take da shugabannin jam'iyyun biyu suka kafa a 1987, kuma a 2000 ta ce sai wanda ya kai kashi 15 cikin ɗari a ƙuri'ar jin ra'ayi zai hau dandali. Ba za ka kai 15 ba sai an gan ka, ba za a gan ka ba sai ka kai 15.

Nader ya gwada a 1996 ba tare da wani kamfe na a-zo-a-gani ba, ya samu ƙuri'a kusan 685,000. A 2000 ya fito da gaske, shi da mataimakiyarsa Winona LaDuke, 'yar asalin ƙabilun farko na Amurka. Bai taɓa yankar katin jam'iyyar Green ba, tutarta kawai ya ɗauka. Burinsa kashi 5 ɗin nan ne, don jam'iyyar ta samu tallafi a 2004. Ya cika manyan filaye da matasa da suka biya kuɗin shiga daga aljihunsu, har da Madison Square Garden a New York. Ranar 3 ga Oktoba, daren muhawarar farko a jami'ar Massachusetts da ke Boston, wani ɗalibi ya ba shi tikitinsa na shiga wani ɗaki na gefe inda ake kallo a majigi. Ba dandali ya nufa ba, kujerar ɗan kallo ya je nema. Wakilin hukumar muhawara ya tare shi tare da 'yan sanda, aka ce ko da tikiti ba zai shiga ba, in ya ƙi tafiya a kama shi. Ɗan takarar shugaban ƙasa da sunansa ke kan takardar ƙuri'a a jihohi sama da 40, haka ya juya. Ya kai ƙara, daga baya hukumar ta rubuto masa takardar ban haƙuri.

Da zaɓe ya matso, aka ga Bush da Gore sun yi kankankan, sai wasu tsofaffin yaransa goma sha biyu suka fito fili suna roƙonsa ya janye daga jihohin da ake kai ruwa rana. Ya ƙi. Wasu magoya baya suka ƙirƙiro dabarar musayar ƙuri'a ta intanet: mai son Nader a jihar da ke rawa ya zaɓi Gore, mai son Gore a jihar da sakamakonta ya riga ya tabbata ya zaɓi Nader. Hukumomin California suka yi barazanar gurfanar da masu shafukan, wasu suka rufe, sai a 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta ce abin da suka yi halal ne a tsarin mulki. A ƙarshe Nader ya samu ƙuri'a miliyan 2.88, kashi 2.74 cikin ɗari. Bai kai 5 ba. Gore ya fi Bush da ƙuri'a sama da rabin miliyan a faɗin ƙasa, amma bayan makonni biyar ana taƙaddama kan Florida, Kotun Ƙoli ta dakatar da sake ƙirga a ranar 12 ga Disamba, alƙalai 5 suka rinjayi 4, Bush ya tashi da wakilai 271.

Shin Nader ne ya jawo? In lissafi zalla za a bi, akwai ƙamshin gaskiya. Masana biyu, Michael Herron da Jeffrey Lewis, sun bi takardun ƙuri'un Florida suka duba wa masu zaɓen Nader suka zaɓa a sauran kujeru. Suka gano aƙalla kashi 40 cikin ɗari da Bush za su zaɓa, abin da ya fi yadda ake zato nesa ba kusa ba, amma ragowar sun isa su bai wa Gore jihar. A New Hampshire ma Nader ya samu sama da 22,000, ratar Bush kuwa ba ta kai 7,300 ba, kuma wakilanta 4 sun ishi Gore.

Sai dai in rata ta zama 537 cikin ƙuri'a kusan miliyan 6, komai ma na iya zama dalili. Akwai wasu ƙananan 'yan takara bakwai a Florida da kowannensu ya samu fiye da 537. A gundumar Palm Beach an tsara takardar ƙuri'a a ruɗe, har tsofaffi masu son Gore suka huda gurbin wani ƙaramin ɗan takara, Pat Buchanan, wanda ya samu 3,407 a wurin, kuma shi da bakinsa ya ce da yawansu ba nasa ba ne. An cire sunayen mutane daga rajista bisa kuskuren cewa tsofaffin fursunoni ne, kuma abin ya fi shafar baƙaƙen fata. Gore ya faɗi a jiharsa ta Tennessee, wadda da ya ci ta ba ya buƙatar Florida. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ya fi wa jam'iyyar Dimokurat sauƙi ta ɗora kayan a kan mutum ɗaya da ta tsaya ta binciki kanta. Sannan ƙuri'a ba gadon kowa ba ce. Wanda ya zaɓi Nader ba satar ta ya yi daga aljihun Gore ba.

Inda nake ganin laifin Nader shi ne a bakinsa. Ya yi ta nanata cewa bambancin Bush da Gore bai taka kara ya karya ba. A kan kuɗin kamfanoni yana da hujja. Amma Bush ya juya wa yarjejeniyar Kyoto kan sauyin yanayi baya a 2001, ya mamaye Iraƙi a 2003, yaƙin da Gore ya fito ya soki shirinsa tun a Satumbar 2002. Mutumin da ya gina sunansa kan ƙirga rayukan da ƙaramin kuskuren injiniya ke ci, bai kamata ya raina ƙaramin bambanci tsakanin mutum biyu masu neman riƙe sojojin Amurka ba. Kuma har yau bai yarda ya yi kuskure a wannan ba.

Abin da ya biyo baya hukunci ne. Tsofaffin abokai suka juya masa baya, wasu suka janye gudummawa daga ƙungiyoyin da ya kafa, har da waɗanda ya daɗe da barinsu. A 2004 jam'iyyar Green ta tsayar da wani lauyan, David Cobb, shi kuma ya tsaya da ƙafarsa. 'Yan Dimokurat suka bi shi da ƙararraki jiha-jiha don a cire sunansa, 'yan Rifablikan kuma a wurare irin Michigan suka taya shi tara sa hannu, ba don Allah ba. A Pennsylvania kotu ta samu sa hannun bogi da yawa a takardunsa, ta cire shi, ta kuma ɗora masa biyan sama da dala 81,000 na kuɗin shari'a. Bayan shekaru binciken babban lauyan jihar ya gano cewa ma'aikatan majalisar jihar, masu cin albashin gwamnati, su aka sa aikin tsefe takardun nasa. Ya ƙare da ƙuri'a kusan 465,000. A 2008 ya samu kusan 739,000, daga nan bai sake tsayawa ba.

Waɗanda suka zo bayansa sun karanci abin da ya same shi. Bernie Sanders, wanda ya shafe shekaru a majalisa ba tare da jam'iyya ba, da ya tashi neman shugabanci a 2016 da manufofi masu kama da na Nader, cikin zaɓen fid da gwani na Dimokurat ya shiga. Wasu kuma suka koma kan gyaran tsarin kansa. Jihar Maine ta amince a 2016 da zaɓen jeri, inda mai zaɓe ke rubuta na farko da na biyu da na uku, in na farkonsa ya faɗi ƙuri'ar ta koma kan na biyu. Alaska ta bi sahu a 2020. Da haka Florida take a 2000, da mai son Nader ya sa shi farko ya sa Gore na biyu, ba wanda zai zage shi. Ita kuwa Florida a 2022 doka ta yi ta haramta wannan tsari.

A 2015 Nader ya buɗe gidan tarihin dokar neman diyya a garinsu Winsted, a cikin wani tsohon banki, da jar Corvair a ajiye a tsakiya. Ranar 10 ga Maris 2019 jirgin saman Habasha ƙirar Boeing 737 MAX ya faɗi mintuna shida bayan tashinsa daga Addis Ababa zuwa Nairobi, ya hallaka mutum 157. A cikinsu akwai malamin jami'a ɗan Najeriya Farfesa Pius Adesanmi, akwai kuma jikar 'yar'uwar Nader, budurwa mai shekara 24 da ke kan hanyar zuwa aikin kiwon lafiya a gabashin Afirka. Watanni biyar kafin nan irin jirgin ya faɗi a Indonesiya da mutum 189. Nan take aka fara jin zancen da Nader ya sani tun yana saurayi, wai laifin matuƙa ne. Bincike ya nuna wata na'ura ce da kamfanin ya saka ke danna hancin jirgin ƙasa, kuma tun farko ba a sanar da matuƙa da ita ba. Nader, yana da shekara 85, ya koma rubuta wasiƙu zuwa ga Boeing da majalisa da hukumar jiragen sama, yana neman kada jirgin ya sake tashi har abada. An dakatar da shi watanni 20, sannan a Nuwambar 2020 hukumar ta ba shi izinin komawa sama bayan gyara.